Guntayen Kalar Kawu Direba

Kawu Direba ya ɗago gwangwanin daga tafasasshen ruwa da bakin filaya, ya karkata shi a hankali a kan farantin roba. Narkakken jan kala ya zubo siriri, ya cika ramin kifi, ya tsaya daidai baki. Sai da ya ajiye gwangwanin sannan ya saki numfashi. "Yauwa," ya ce, shi kaɗai, don ba kowa a ɗakin daga shi sai risho.

Farantin irin na daskarar da ƙanƙara ne, ramukansa siffar kifi da tauraro. Kalar kuwa tsintuwa ce. Shi ke jan motar wata makarantar yara, kuma kullum in ya sauke su ya sunkuya da tsintsiya, sai ya tarar da guntayen kala a ƙarƙashin kujeru, irin mai kakin nan da ake naɗe wa takarda. Yara ba su san zafin kala ba. Su karya, su tauna, su yar, gobe a sayo musu sabo. Shi kuwa hannunsa ba ya iya tura guntu cikin shara, sai dai aljihu.

Malamar ajin ƙanana, wadda ke raka yara a motar, ita ta kama shi yana haka, ita kuma ta koya masa yadda ake yi. Ya bare takardar, ya ware ja daban shuɗi daban, kada ya kuskura ya ɗora gwangwani a kan wuta kai tsaye, sai a cikin ruwan zafi. Na farkon da ya gwada ƙonewa ya yi, ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi har maƙwabta suka leƙo. Yanzu kam hannunsa ya faɗa.

Duk wannan wahalar don 'yarsa yake yi, wadda yake kira Shalele. Lokacin da suka rabu da uwarta, ko mariƙin ƙofa ba ta kaiwa sai ta yi ɗage, amma ba ta da aiki sai zane. In ka ba ta kala da takarda, ka huta har yamma. Uwar ta yi wani aure a gari mai nisa, ta tafi da ita. Da farko ana haɗa su a waya, yarinya ta ce "Baba" ta yi shiru, shi ma ya rasa abin cewa, a kashe. Daga baya wayar ma ta daina shiga. Bai yi rigima ba. Mutum ne da ba ya son a ce ya matsa wa wani, kuma wannan halin nasa ya cinye masa shekaru masu yawa.

Sai makon jiya yayarsa ta kira shi.

"Za su shigo gari ganin likitan ido," ta ce. "A ranar za su koma. Na yi magana da uwar, ta yarda ka same su a tasha da yamma kafin motarsu ta tashi."

"Ta yarda?"

"Ta ma ce yarinya ta girma. In tana son ta yi dogon hutun nan a wajenka, ba za ta hana ba. Amma ita za ta faɗa da bakinta, ba mai tilasta mata. Na share mata ɗakin baya a gidana, don na san ɗakin nan naka ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta kwana. Kai dai ka buɗe baki ka yi magana, kada ka je ka tsaya mata ƙerere."

Yau ce ranar. Kafin ya yi wanka ya fito, jan kifin ya daskare. Ya lanƙwasa farantin, kifin ya faɗo a tafinsa sumul, har da ɓawon jiki da ɗan ido. Ya jera shi cikin kwalin takalmi tare da sauran, layin kifaye da layin taurari, ja da kore da shuɗi da rawaya, ya rufe. Ya saka rigar da ya kai guga tun shekaranjiya.

A mota bai yi tunani sau biyu ba. Duk abin da direba yake ji da shi, gabansa yake ajiyewa, kan dashbod, inda idonsa yake. Ko'ina ban da nan hannun yara na kaiwa. Ya tura kwalin jikin gilashin gaba, ya tokare shi da tsumman goge mota don kada ya zame a kwana.

Malama na shigowa ta dube shi sama da ƙasa.

"Kawu, wannan guga haka? Ko an yi mana amarya ba mu sani ba?"

"Wace za ta kwashi tsoho da motar makaranta? Yau ce ranar da na gaya miki."

"Allah sarki. Su ne a kwalin? Mu gani mana."

Ya ɗaga murfin kaɗan, yadda yara ba za su hango ba. Ta leƙa, ta jinjina kai.

"Ka fi malamarka. Wallahi ko a kanti aka jera su sai an saya."

Daɗi ya kama shi har ya manta bai saki birkin hannu ba. Yara suka yi ta shigowa unguwa bayan unguwa, da jakunkuna da kuka da ƙorafin wane ya zauna a wurin wane. Shekara da shekaru yana kwasar 'ya'yan mutane, ya san mai amai a mota, ya san mai barci da baki buɗe, ya san wadda ba ta sauka sai an ce mata sai gobe. Tasa ce kaɗai bai san ko da wane hannu take rubutu ba.

Da ya sauke su a makaranta, ya tarar tankar ruwa ta tare inuwar bishiyar da ya saba ajiye mota. Ya zagaya ya tsaya a fili, bayan azuzuwa. Ya so ya tafi da kwalin, sai ya tuna shagon aski zai je, ga cunkoson hanya, kada wani ya buge shi kifi ya karye. A mota ya fi tsaro. Ya bi tagogi ɗaya bayan ɗaya ya rufe su ruf, har wadda ke cijewa sai da ya danna ta da gwiwar hannu. Ya kulle ƙofa, ya ja ta ya tabbatar, ya leƙa ta gilashi ya ga kwalin na zaune lafiya, sannan ya tafi da kwanciyar hankali.

Shagon aski akwai layi. Da aka zo kansa, mai askin ya yafa masa ƙyalle ya ce, "Kawu, a rage furfurar ko a bar ta ta yi shaida?"

"Rage abin da zai ragu. 'Yata zan gani."

"Ashe kana da 'ya? Ban taɓa ji ba. Ajinta nawa?"

Ya yi ɗan lissafi a zuci. "Ta yi nisa a sakandare yanzu."

"To ai waya za ka riƙa mata. 'Yan yanzu ba su san komai ba sai waya."

"Tawa zane take so," in ji Kawu Direba.

Mai askin ya dube shi ta madubi, ya buɗe baki, sai kuma ya kunna injinsa ya ci gaba da aiki.

Rana ta take tsaka lokacin da ya dawo. Yana buɗe ƙofar mota zafi ya buge shi a fuska, tare da wani wari da ya sani sarai, warin ɗakinsa in yana narka kala. Ya hau da sauri. Gindin kwalin ya jiƙe da maiƙo. Ta kusurwa ɗaya wani abu mai launi ya tsiyayo, ya bi dashbod, ya gangara cikin ramin iska. Ya ɗaga murfin da yatsa biyu.

Babu kifi, babu tauraro. Ja ya shiga kore, shuɗi ya hau rawaya, duk sun kwanta sun zama ruwa ɗaya mai kauri, yana rawa in an motsa kwalin.

Ya zauna a kujerarsa, ƙofa a buɗe, zufa na bin sabon askinsa. Shi da ya san sitiyari kan yi zafin da ba a iya taɓa shi, shi da ya koyi narka kala da hannunsa. Da ya bar taga ɗaya a buɗe ma da sauƙi. Amma ina, ya bi ya toshe ko'ina don kada a taɓa masa. Kuma ba wanda zai ɗora wa laifi ko ya yi wa faɗa. Ya sauke kwalin ya tura shi ƙarƙashin mota, inda ke da 'yar inuwa, ya zauna gadinsa har aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Malama ta gani, ta kama baki.

"Kawu, a rana ka bar su?"

"Rufewa na yi don kada a ɗauka."

Ba ta yi dariya ba, ya kuwa gode mata a ransa. Ta karɓi kwalin ta kai firjin ofis kafin yara su gama hawa. Da ta dawo da shi ya daskare, ya zama falle guda mai faɗin tafin hannu biyu, takardar kwalin manne a bayansa.

"Ka tsaya a kanti ka sayi sabon fakiti," ta ce a hankali, bayan sun sauke yaro na ƙarshe. "Ba za ta sani ba."

"Sabo ai kowa zai iya saya mata. Mijin uwarta ma zai iya."

"To me za ka ce mata?"

"Ban sani ba, Malama."

Ya mayar da motar makaranta, ya saka fallen kalar a leda, ya hau motar haya zuwa tasha. Ya daɗe bai zauna a kujerar fasinja ba, ƙafarsa sai taka birkin da babu take yi.

Tasha cike take, masu lodi na kiran garuruwa, masu talla na bin tagogi. Ya bi layin motocin nesa yana dubawa. Har ya kai ƙarshen layin ya dawo bai gan su ba, don ƙasa-ƙasa yake kallo, daidai tsayin yaran da yake ɗauka.

"Ga mu nan," wata murya ta ce a bayansa.

Uwar Shalele ce, ta yi ƙiba kaɗan, jaka a kafaɗa. Kusa da ita wata doguwar budurwa ce da gilashin ido, waya a hannu. Ya wuce ta ɗazu, har kafaɗarsa ta kusa gogar tata.

"An wuni lafiya?" in ji uwar.

"Lafiya lau. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Motar ta kusa cika. Bari in duba kayanmu." Ta taɓa kafaɗar yarinyar ta wuce, ta bar su.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, Shalele. Kin girma."

Ta ɗan yi murmushi jin sunan, irin na wanda aka kira da sunan wani. Suka zauna a benci, ledar a kan gwiwarsa, tazarar mutum guda a tsakaninsu.

"Ya idon?"

"Da sauƙi. Gilashi kawai aka canja min."

"Ya makaranta?"

"Lafiya lau."

Shi ke nan, maganar ta ƙare. Duk abin da ya tsara a bakin risho ya gudu. Ya ji muryar yayarsa a kunne, ya yi ta maza ya kwance bakin ledar.

"Na zo miki da wani abu. Sai dai ya gamu da tsautsayi a hanya."

Ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi, ta gyara gilashinta.

"Mene ne, Baba?"

"Kala ne. Da safe kifaye ne da taurari."

Ta dubi fallen, ta dube shi. Dariya ta kufce mata, ta yi sauri ta rufe baki.

"Yi haƙuri, Baba."

"Yi abarki. Ni ma da zan iya da na yi."

Sai ga shi yana ba ta labari, bakinsa ya sake. Ya gaya mata yadda yake tsintar guntayen, da hayaƙin da ya tara masa maƙwabta, da yadda ya danne tagar nan mai cijewa da gwiwar hannu don tsabar wayo. Tana dariya har gilashin na zamewa. Ta matso kusa, ta nuna masa wani gefe da farce.

"Ga wutsiya nan ta tsira."

"Jan ne. Shi na yi na ƙarshe, yau da safe."

Ya ji a ransa da za a tsayar da tashar nan haka, da bai nemi komai ba kuma.

"Har yanzu kina zane?" ya tambaya.

"A'a. Tun ina firamare na bari." Ta ga fuskarsa, ta ƙara da sauri, "Amma Mama ta ce da ina yi sosai."

"Sosai," ya ce.

Mai lodi ya buga jikin mota ya ce saura mutum biyu. Yarinyar ta ajiye fallen a cinyarta, ta shiga juya wayarta, ta kife ta, ta buɗe ta.

"Baba, Mama ta ce za ka yi min maganar hutu."

"Haka ne."

"Akwai darasin hutu da aka ce mu yi, saboda jarrabawa. Kuma ban san kowa a nan ba." Idonta na kan takalminta. "Amma idan kana so, zan zo."

Bai yi karatu mai nisa ba, amma ya yi shekaru yana kallon fuskokin yara ta madubi. Ya san yaron da ke son zuwa wuri, ya san wanda aka ce masa ya daure. Maganar nan ta tsara ta tun a hanya, ta yi ta maimaitawa don kada ta ɓata masa rai. Yarinyar kirki ce, an yi mata tarbiyya. In ya ce yana so, za ta zo, ta zauna a ɗakin bayan yayarsa tana duba waya tana jiran hutu ya ƙare. Kuma yana so. Bai taɓa son wani abu kamar haka ba.

"Karatu ya fi," ya ce. "Ki zauna ki yi darasinki. Ni ma a hutun nan gareji za a kai motar, ba zan samu zama ba."

Kafaɗunta suka sauka. Ta saki numfashi, fuskarta ta washe, ta dube shi sosai a karon farko.

"Na gode, Baba."

Da cewa ta yi ba za ta zo ba, da bai ji zafi kamar na wannan godiyar ba. Ya gyaɗa kai, ya shiga naɗe ledar da ba komai a ciki.

"Zan iya tafiya da wannan?" ta ce, ta ɗaga fallen.

Ya ɗago kai da sauri. "Ai naki ne."

"Ƙanina zai so shi. Ba ya rabuwa da kala, har barci yake yi da shi a hannu. Abba kullum sai ya sayo masa, kullum sai ya karya. Wannan kuwa ba zai iya karyawa ba."

Bai san tana da ƙane ba. Bai kuma san Abba take kiran mutumin ba. Ya miƙa mata ledar ta saka.

"Ki kai masa."

"Baba, in ka sake yin wasu, ka aiko masa waɗanda ba su narke ba. Ka ba direbobin nan, ni zan je tasha in karɓa. In sun iso sai in kira ka in gaya maka."

"Za ki kira?"

"Eh mana. Kawo wayarka."

Ya ba ta. Yatsunta suka yi ta gudu a kai, wayarta ta yi ƙara sau ɗaya, ta mayar masa.

"Kifi yake so ko tauraro?" ya tambaya.

"Shi? Mota. Komai nasa mota."

Uwar ta ɗago hannu daga ƙofar mota. Yarinyar ta miƙe, ta ce masa sai an jima, ta ruga. Uwar ta ce, "Mun gode," daga nesa, shi ma ya ce ya gode. Motar ta ja baya, ta juya, ta nufi ƙofar tasha. Ya ɗaga hannu, ko da yake bai san ta wane gefe ta zauna ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce. Ya dube ta har ta katse, ya mayar aljihu.

Kasuwa na bayan tasha. Ya tsallaka titi ya shiga layin masu kayan roba, wajen matar da ya sayi farantinsa. Tana ta shigar da bokitai, za ta rufe.

"Mai kifi ya dawo," ta ce. "Ya fashe ne?"

"Yana nan. Mai siffar mota nake nema."

Ta tona cikin wani buhu, ta fito da mai zuciya, ta fito da mai fure, ta girgiza kai.

"Babu mota. Sai dai ka gwada layin ciki, can ƙarshe, in ba su tashi ba. Ɗanka ne mai son motar?"



"Ƙanin 'yata ne," ya ce.

Ya shiga layin ciki da sauri, ana ta jan ƙofofin shaguna.